GYARA KO SAYEN SABO? Lissafin zafi da sanyi a gidajen Azare da Katagum

Duk wanda ya taɓa kwana a Azare cikin watan Afrilu, sa'an nan ya sake kwana a cikinta a watan Janairu, zai iya rantsewa garuruwa biyu ya sauka. A bazara zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin santigireti, ɗakin kwano ya koma tamkar tanda, jama'a su fito da tabarmi tsakar gida suna jiran iskar asuba. A hunturu kuwa ma'aunin kan sauko ƙasa da digiri 15 da dare, hazo ya rufe gari, ƙafa ta yi faso, tsofaffi su kasa rabuwa da kaskon wuta. Tsakanin waɗannan lokatai biyu watanni uku ne kacal, kuma gida ɗaya ake bukata ya kare mai shi daga dukansu.

Saboda haka kowane magidanci a ƙasar Katagum, mai hali da marar hali, yana da kayan da yake dogara da su wajen sanyaya ɗaki da ɗumama shi: rufin soro ko na kwano, randa, kasko, fanka, ga masu ƙarfi kuma iyakwandishan, wadda yara ke kira esi. Kowanne daga cikin kayan nan yana da iyakar kwanansa. Tambayar da ke cin aljihun mutane, wani lokaci ma ta ci rai, ita ce yaushe ake ci gaba da gyara, yaushe kuma ake haƙura a sauya.

SANYIN DA YA SHIGA TARIHI

Masu ganin kamar sanyin wannan yanki abin wasa ne sai su waiwayi tarihi. A watan Disamba na 1823 wasu Turawa biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suka taso daga Kukawa ta Barno tare da ayarin fatake suka nufi Kano. A ƙarshen watan, kafin su iso Katagum, Clapperton ya rubuta cewa sun wayi gari sun tarar da ruwan da ke cikin ƙoransu ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunansu kuma sun sandare. Suka shiga Katagum a farkon Janairu na 1824, zamanin Sarki Ɗan Kauwa, wanda ya karɓe su da karamci. Oudney, wanda dama yana fama da ciwon ƙirji, bai kai Kano ba. Ya rasu ran 12 ga watan Janairu a Murmur, ba nisa da Katagum.

Garin Katagum ɗin nan, wanda Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, shi ne hedkwatar masarautar har zuwa 1916, lokacin da aka mai da gadon sarauta Azare, kimanin kilomita 70 kudu da shi. Magina na wancan zamani ba su san lantarki ba, amma sun san yadda za su sa ginin kansa ya yi aikin da na'ura ke yi a yau.

SORO DA ALAMUN TSUFANSA

Hikimar soron ƙasa tana cikin kaurinsa. Bango mai kauri da rufin ƙasa da aka ɗora bisa azara suna shan zafin rana a hankali, ba ya ratsowa ciki sai bayan sa'o'i da yawa. Shi ya sa soro ke da sanyi da tsakar rana. Da dare kuma ginin yakan saki zafin da ya sha, abin da ke zama rahama a hunturu, a bazara kuwa ya kori mutane zuwa tsakar gida. Azarar da ake tsagawa daga giginya tana da ƙarfi, gara ba ta cika cin ta ba, kuma idan ruwa bai same ta ba takan yi shekaru masu yawa.

Abokin gabar soro shi ne ruwa. Yaɓen da ake yi kafin damina, da makuba ta ɓawon ɗorawa, da share indararo, duk gyara ne na yau da kullum wanda bai kamata ya tayar wa kowa da hankali ba. Amma fa akwai alamun da ke nuna cewa yaɓe ya daina amfani. Idan azara ta fara lanƙwasa a tsakiya, ko bakinta da ke cikin bango ya ruɓe har wuƙa na shiga cikinsa, ko ƙasa ta riƙa zubowa daga sama ba tare da an taɓa ba, ko tsaga ta taso daga gindin bango zuwa sama tana ƙara buɗewa kowace shekara, to rufin nan ya gama aikinsa. Ƙara masa ƙasa a irin wannan hali ƙara wa azarar da ta gaji nauyi ne, kuma rufin da ya sha ruwan Agusta ya fi nauyi ƙwarai. A irin wannan wata ne aka fi jin labarin soro ya rufta wa masu barci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji masu iya magana. Hanyar tsira ita ce a kwashe iyali daga ɗakin, a sauke rufin da rani, a sa sabuwar azara.

ZUWAN KWANO DA LANTARKI

Wahalar yaɓe kowace shekara ce ta sa jama'a suka rungumi kwano da bulon siminti. Kwano ya raba su da ɗigar ruwa, amma ya haɗa su da sabuwar matsala, domin shi ba ya riƙe komai: da rana ta buge shi sai ya zubo zafin cikin ɗaki, da dare ya yi a hunturu sai ya saki ɗumin ɗakin ya tafi. Abin da soro ke yi kyauta sai ya zama dole a saye shi da kuɗi.

An kafa Hukumar Lantarki ta Ƙasa, watau NEPA, a 1972. Ƙarin albashin Udoji da ma'aikata suka karɓa a 1975 ya cika gidaje da rediyo da fanka da firiji, sa'an nan ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976 ya ƙara yawan ofisoshi da gidajen ma'aikata. NEPA ta koma PHCN a 2005, a 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni, Jihar Bauchi ta faɗa ƙarƙashin kamfanin da ke da hedkwata a Jos.

Kafin magidanci ya zargi fankarsa ko iyakwandishan ɗinsa da gazawa, ya kamata ya fara ɗaga kai ya dubi sama. Ɗakin kwano marar silin babu na'urar da za ta sanyaya shi yadda ya kamata. Sau da yawa kuɗin da za a kashe wajen sayen babbar na'ura, da an sa rabinsa wajen buga silin, da buɗe taga ta biyu mai fuskantar ta farko don iska ta ratsa, da dasa darbejiya a gefen yamma, da an fi samun sauƙi. Sai dai masu tsofaffin gidaje su lura: silin ɗin da aka riƙa bugawa a shekarun baya da yawansa na asbesto ne, wanda ƙurarsa ke illa ga huhu. In yana nan lafiya a bar shi. In ya farfashe za a cire, a jiƙa shi da ruwa, a rufe hanci, kada a sare shi da zarto.

FANKA: MAI ARAHAR GYARA

Fanka ba ta rage zafin ɗaki. Iska take kaɗawa bisa fata, gumi ya bushe, jiki ya ji sanyi. Don haka barin ta tana juyi a ɗakin da babu kowa asarar wuta ce kawai.

Mafi yawan cututtukan fanka ba su kai a yar da ita ba. Wadda ke juyi a hankali, ko wadda sai an tura ta da sanda take tashi, galibi ɗan ƙaramin abin nan da ake kira kafasito ne ya mutu, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Wadda ke ƙara kamar injin niƙa boris ɗinta ne ya cinye, shi ma ana sauyawa. Inda ake haƙura shi ne idan kwayil ya ƙone an naɗa, ya sake ƙonewa, ko kan fankar na yin zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ko tana warin ƙonewa. Haka nan fankar sama da ke rawa tana kaɗa sandarta, ko wadda ƙugiyarta ta yi tsatsa, a kashe ta nan take har sai an duba, domin a ƙarƙashinta yara ke kwana.

IYAKWANDISHAN DA SIRRIN GAS

A nan ne kuɗi mai yawa ke salwanta, kuma dalili shi ne rashin sanin yadda na'urar ke aiki. Iyakwandishan tana kwashe zafin ɗaki ne ta zubar a waje. Gas ɗin da ke cikinta yana zagaye cikin bututu rufaffe: a ɓangaren ciki ya sha zafi, kwamfireso ya matsa shi, a ɓangaren waje ya saki zafin, ya sake dawowa. Ba ya ƙonewa kamar fetur, ba ya kuma ƙarewa don an daɗe ana aiki da shi. Ashe ke nan duk na'urar da ake yi wa ƙarin gas kowace bazara yoyo take yi. Mai gyaran kirki zai nemo wurin yoyon ya toshe kafin ya zuba sabo. Wanda ya zuba ya tafi ya san baɗi za a sake kiransa.

Kafin a yanke wa na'ura hukunci, a fara wanke ta. Ƙurar hunturu tana toshe rariyar ciki da haƙarƙarin ɓangaren waje, na'urar ta riƙa wahala ba sanyi. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa sun mutu wanka kawai suke bukata.

Alamun da ke nuna lokacin sauyi ya yi kuwa sanannu ne ga masu sana'ar. Na farko shekaru: irin waɗannan na'urori galibi shekara goma zuwa goma sha biyar suke yi cikin ƙoshin lafiya, ƙura da rashin daidaiton wuta kuma suna rage wannan adadi. Na biyu mutuwar kwamfireso a tsohuwar na'ura, domin shi ne zuciyarta, shi ne kuma mafi tsada. Na uku yoyon da aka toshe ya ɓulla a wani wuri, alamar bututun ya ruɓe. Na huɗu na'urar da ke aiki dare da rana ba ta tsayawa, ɗaki bai yi sanyi ba, ko da an wanke ta. Akwai ma'auni mai sauƙi da magidanci zai riƙe: idan kuɗin gyara ɗaya ya kai rabin kuɗin sabuwa, na'urar kuma ta haura shekara goma, gyaran nan zuba ruwa ne a rariya.

Alama ta biyar tana rubuce a jikin na'urar, a ɗan allon da ke ɓangaren waje, inda aka nuna irin gas ɗinta. A 1987 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Montreal na Kanada don daina amfani da sinadaran da ke cinye rufin iskar ozon, wanda ke kare duniya daga mugun hasken rana. Bisa ga wannan yarjejeniya ƙasashe masu tasowa, har da Nijeriya, suka daina shigo da gas ɗin R-12 na tsofaffin firiji daga farkon 2010. Shi kuma R-22, wanda ke cikin tsofaffin iyakwandishan da yawa, an tsara janye shi sannu a hankali har zuwa 2030, in ban da ɗan abin da za a bari don gyare-gyare. Ma'anar wannan ga mai gida ita ce, gas ɗin zai riƙa ƙaranci yana tsada. Sababbin na'urori suna amfani da R-410A ko R-32, kuma ba a zuba su cikin na'urar R-22, domin ƙarfin matsinsu ya fi abin da aka ƙera ta ta ɗauka. Wasu sababbin gas ɗin ma, irin su R-600a na firiji da R-290, suna kama wuta, saboda haka ba kowane mai riƙe da abin walda ya kamata ya taɓa su ba.

Wannan ne ya sa sayen 'yar kwatano ke bukatar tunani biyu. Na'urar da ta gama shekarunta a wata ƙasa, aka fesa mata fenti, ba a san kwanakin da suka rage mata ba, kuma sau da yawa mai tsohon gas ce. Araha ba ta ado.

LISSAFIN WUTA

Sayen na'ura abu ɗaya ne, ciyar da ita wani abu ne dabam. Fankar sama tana shan kimanin wat 75. Ƙaramar iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya, wadda galibi ta ishi ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tana shan kimanin wat 900. A kwanan sa'a takwas fankar ba ta cinye yunit ɗaya ba, ita kuwa iyakwandishan, in kwamfireso bai huta ba, ta cinye yunit bakwai da ɗoriya, watau abincin fanka goma sha biyu. A watan Afrilu na 2024 hukumar da ke kula da farashin lantarki ta ɗaga kuɗin yunit zuwa naira 225 ga masu rukunin A. Bisa farashin wancan wata, dare ɗaya na irin wannan na'ura ya haura naira 1,600. Tsohuwar da ta gaji kuwa ta fi haka ci. Sababbi masu inbata suna tashi a hankali, suna kuma rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi, don haka sun fi sauƙin ci, sun fi kuma dacewa da janareto ko sola, ko da yake allon lantarkinsu ba ya jure wutar da ke hawa da sauka.

Ita wannan hawa da sauka ce ke kashe kwamfireso da yawa kafin lokacinsu. Wutar gida ya kamata ta tsaya kusa da bolt 230. Idan ta yi ƙasa sosai, kwamfireso yakan yi ta gurnani ya kasa tashi, ya yi zafi, ya ƙone. Wanda ya sayi sabuwar na'ura bai haɗa mata sitabilaiza ba, bai kuma sa an duba wayoyin gidansa ba, ya sauya doki ne bai gyara turke ba.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara sauya lissafin. Janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu na 2023 ya sa kwana da janareto ya fi ƙarfin yawancin gidaje. A watan Oktoba na 2024 kuma lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa jihohi da yawa cikin duhu fiye da mako guda. Ga iyalin da fankarsu ta mutu, tambayar ta wuce sabuwa ko tsohuwa, ta koma wace iri. Fanka mai caji ko mai aiki da farantin sola tana shan kashi ɗaya cikin uku na abin da fankar sama ke sha, ko ƙasa da haka, kuma tana juyi a daren da unguwa ke duhu. Rauninta batir ne: idan cajin da ke kai asuba ya koma sa'a ɗaya, batirin ake sauyawa, ba fankar ba.

KASKON WUTA DA BARCIN DA BA A TASHI

A ɓangaren ɗumi kayan ba su da tsada, amma haɗarinsu ya fi girma. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jinin mutum fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi har sau ɗari biyu. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da su gaba ɗaya, a fitar da su fili nan da nan, a buɗe ƙofa da taga, a nufi asibiti. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Hayaƙin janareto ma wannan guba ce a cikinsa, shi ya sa ba a ajiye shi a zaure ko a baranda kusa da taga.

Bukkar ciyawa da tsohon ɗaki mai ƙofar asabari suna shaƙar iska ta ko'ina. Ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe da tagar gilas ba haka yake ba, don haka al'adar da kakanni suka yi lafiya a irin ɗakinsu tana iya kisa a na yau. A bar gawayi ya ruru a waje, a ɗumama ɗaki taga na buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Kaskon da ya tsage a fasa shi a sayi wani, domin garwashi ɗaya bisa katifar soso ya isa. Hitar lantarki mai tsirarar waya, ko wadda filoginta ya yi baƙi, ko soket ɗin da ke zafi idan an jona ta, su ma ba a yi musu kwaskwarima.

RANDA BA TA TSUFA A BANZA

Akwai na'ura ɗaya da ba ta jiran wuta. Randa tana sanyaya ruwa ne ta hanyar tsatsafowa: ruwa ya ratsa ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Busasshiyar iskar bazara ita ce ta fi dacewa da wannan aiki. Wani malami a maƙwabciyar Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗora a kan wannan hikima, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, abin da ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Randar da ta daina gumi a jikinta ƙofofinta sun toshe. In an kankare ta an wanke ba ta dawo ba, sai ta koma ajiyar hatsi, sabuwa ta hau gurbinta. Wanda ya shafa wa randa fenti ko siminti ya kashe ta da hannunsa.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. A shekarun 2022 zuwa 2024 azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, kuma duk wanda ya nemi mai gyaran fanka ko firiji a irin waɗannan makonni ya san layin da ake yi. Mai saye cikin tsananin zafi ba ya taya kaya, ba ya zaɓe. Watannin Disamba da Janairu, lokacin da fanka ke hutu, su ne na sauke ta a duba, a wanke iyakwandishan bayan ƙura ta lafa cikin Fabrairu, a yanke shawarar abin da za a sauya tun kasuwa na kwance. Aikin soro a gama shi kafin ruwan farko. Kasko da bargo kuma a tanade su tun da kaka.

A gidan da ke da jariri, ko tsoho, ko mai ciwon zuciya, ko mai asma, wannan lissafi ya wuce na jin daɗi, domin su ne zafi da sanyi suka fi saurin kayarwa. Ɗakinsu ya kamata a fara dubawa, ko da na maigida zai jira wata shekara. Allah ya kai mu bazara lafiya, ya fisshe mu hunturu lafiya.